Kowace Unguwa Tana Da Makara, Ina Gadon Ɗaukar Mai Sauran Numfashi?



Akwai abin da mutanen Birnin Zariya suka ƙware a kai wanda ko maƙiyi ya shaida, wato sha'anin jana'iza. Dattijo ya cika da asuba, kafin hantsi an yi sanarwa a masallaci, an ɗauko makara, samari sun tafi haƙa, an yanko likkafani, masu wanka sun iso. Ba wanda ya rubuta wannan tsarin a takarda, ba kasafin kuɗi, ba kwamiti, amma bai taɓa tsayawa ba ko da rana ɗaya. Allah Ya saka wa masu wannan hidima da alheri.

To amma mu koma baya da awa biyar. Wannan dattijon dai, ƙarfe biyun dare, ya tashi zai zaga, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Wa za a kira? Da me za a ɗauke shi? Ina za a nufa? Nan fa ake yin cirko-cirko. Unguwar da ta san inda makararta take rataye ba ta da gadon ɗaukar majinyaci ko guda ɗaya. Mun tsara wa mamaci komai, mai sauran numfashi kuwa mun bar shi da sa'arsa.

Maganata a wannan rubutu guda ɗaya ce. A cikin birni, inda ake rasa tsofaffinmu shi ne tsakanin shimfiɗarsu da bakin kwalta. Duk wanda ya zo mana da batun agajin gaggawa bai fara daga lungu ba, ko dai bai san Zariya ba, ko kuma hoto ya zo ɗauka.

Wanda bai san cikin gari ba zai ce ai Zariya garin asibitoci ce, kuma bai yi ƙarya ba. Ga babban asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, wanda ake turo marasa lafiya zuwa cikinsa daga jihohi da dama. Ga ƙananan asibitocin mazaɓu, ga masu zaman kansu a Tudun Wada da Sabon Gari. Likitoci da nas-nas ɗin da Zariya ta yaye sun cika ƙasar nan har da ƙetare. Amma tsohuwar da ke kwance a ƙuryar gida a Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma, duk waɗannan gine-ginen ba su amfane ta da komai ba sai an iya kai ta.

Kakanninmu da suka zana birnin nan, da ƙafa da jaki da doki suka auna hanyoyinsa. Akwai lungun da ko Keke Napep ba ya shiga, akwai wanda mutum biyu ba sa jerawa. Ga kwata a tsakiya, ga dakali ya cinye rabin hanya, in damina ce ga taɓo, in dare ne ga duhu. Kafin ka fito daga ɗakin tsohuwa sai ka ratsa tsakar gida, ka bi ta zaure ɗaya ko biyu masu gajeruwar ƙofa. Abin da ake yi a yanzu kowa ya sani: a naɗe mara lafiya a tabarma ko bargo, samari huɗu su kama, ko wani ya goya shi, ko a ɗora shi a babur a sa wani ya tallafe shi ta baya, ƙafafunsa na jan ƙasa. In an fito titi sai a fara neman abin hawa. Maƙwabci mai mota ya kashe waya, wani motarsa ba mai, tunda dai kowa ya san yadda farashin fetur ya koma daga ranar 29 ga Mayun 2023. Mai keke yana tsoron fitar dare. In kuma Shika aka ce a je, sai an fita Ƙofar Doka, an ratsa Kwangila, an wuce Samaru, sannan a iso.

Me ya sa wannan jinkirin yake da tsada haka? Saboda cututtukan da ke kayar da tsofaffi cikin dare ba sa jira gari ya waye.

Ɗauki shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta. Iri biyu ce. Ko dai jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko kuma ta fashe. Ba a bambance su da ido, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a babban asibiti. In toshewa ce, maganin da ke narkar da gudan jinin yana da wa'adi, kusan awa huɗu da rabi daga lokacin da abin ya fara. Ko inda ba a samu wannan maganin ba, isa da wuri shi ke sa a daidaita jini, a kare numfashi, a hana abinci sarƙewa zuwa huhu. Mu kuwa a wannan awannin me ake yi? A yayyafa ruwa, a ɗura masa kunu ko fura wai ya samu ƙarfi, a aika yaro kemis. Mutumin da maƙogwaronsa ya shanye, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma illa ce.

Ɗauki mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci sosai ba, abin da ke yawan faruwa da azumi. Sai gumi, sai karkarwa, sai surutai, sai suma. Wasu su ce iska ce. Alhali na'urar awon suga da ba ta kai tafin hannu ba za ta faɗi gaskiya cikin daƙiƙu, kuma in yana iya haɗiya, ruwan sukari kaɗai na iya dawo da shi hayyacinsa kafin a kai shi asibiti.

Ɗauki dattijon da fitsari ya ɗaure masa. Wannan ciwo ne da iyayenmu maza ke ɓoyewa saboda kunya, har mara ta kumbura, mutum yana murƙususu bai gaya wa kowa ba. Ma'aikacin lafiya da ya iya sa robar fitsari zai sauƙaƙa masa cikin 'yan mintuna. Amma da tsakar dare ina za a same shi?

Ɗauki tsohuwar da santsi ya kwashe a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye. In aka kama ta hannu da ƙafa aka yi ta jijjigawa a lungu, karayar da aka tashi da ita daban, wadda za a isa asibiti da ita daban. Ga zafin watan Maris da Afrilu da ke busar da ruwan jikin tsoho. Ga hunturu, lokacin da masu asma ke shan wuya, wasu kuma su shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga, hayaƙin da ba a gani ya kwantar da su.

Duk waɗannan ba sa buƙatar farfesa a minti goma na farko. Suna buƙatar mutumin da ya san abin yi da abin bari, da gadon ɗauka, da abin hawan da aka san yana nan.

Abin da zai ba ku mamaki, a takarda an riga an ba mu haƙƙin nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, kuma ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sashe na 11 na dokar ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa. Daga nan aka samar da shirin NEMSAS na motocin ɗaukar marasa lafiya, wanda aka fara gwajinsa a Abuja a 2022, da alƙawarin ɗaukar nauyin jinyar awa 48 na farko. Akwai lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112, kyauta. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa. A jiha muna da hukumar KADCHMA ta taimakekeniyar lafiya. Har cibiyar kula da dattawa ta ƙasa akwai a Abuja.

To, don Allah ka tsaya a Babban Dodo ka tambayi mutum goma ko sun san da sashe na 20. Ka tambaye su ko sun san wa za su kira. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, da shi da babu duk ɗaya. Shi ya sa har gobe ɗa zai tsaya a bakin tagar biyan kuɗi yana kiran 'yan uwa a turo masa kafin alƙalami, mahaifinsa na kwance a benci. Kuma ko da motar gwamnati ta amsa kira ta taho da jiniya, iyakarta bakin titi. Wa zai fito da majinyacin daga lungu? Wa ma zai yi wa direba kwatance a garin da adireshinmu shi ne "bayan gidan wane, kusa da rijiya"?

Kada wani ya ce ina sukar sayen motar asibiti. A saya, muna so. Ghana ta raba motoci 307 a watan Janairun 2020, kowace mazaɓar ɗan majalisa ta samu aƙalla guda, ba mu fi ƙarfin yin haka ba. Amma mun sha ganin yadda ake yi a ƙasar nan: a manna hoton mai bayarwa a jikin mota, a yanka ƙyalle, a yi tafi, bayan wata shida tana jingine a harabar asibiti tayoyi sun sace, ba direba, ba mai. Wata kuma ta koma ɗaukar gawa kawai. Mota ba tsari ba ce. Tsari shi ne wa zai ɗaga waya, wa zai zuba mai, wa zai biya direban dare.

Akwai darasi kusa da mu. A jihohin Arewa irin su Jigawa da Katsina da Zamfara an yi shirin da aka haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW domin kai mata masu naƙuda asibiti. Aka horar da direbobin haya, aka ba al'umma lambobinsu, wanda ya kai mai haihuwa kuma a saka masa da ba shi lodi a tasha ba sai ya bi layi ba. Ba sabuwar mota aka saya ba, motocin da ke garin aka tsara. In an yi wa mai naƙuda, me zai hana a yi wa kakarta? A Pakistan kuma, marigayi Abdul Sattar Edhi da tsohuwar mota guda ɗaya ya fara a Karachi a shekarun 1950, kafin rasuwarsa a 2016 gidauniyarsa ta zama ɗaya daga cikin mafiya girman ƙungiyoyin motocin agaji na sa-kai a duniya. Da sadakar talakawa aka gina ta.

Ga abin da nake ganin ya dace da birninmu, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Na farko, rajistar dattawa a kowace unguwa. Mai unguwa da limami da ma'aikacin lafiya na mazaɓa su san tsofaffin da ke da hawan jini ko suga, da waɗanda ba sa iya tafiya, da waɗanda 'ya'yansu ke Abuja ko Legas ko Fatakwal, daga su sai jikoki ƙanana. A rubuta da yardar mai gida. Kowane dattijo a ba shi ɗan kati a rataye a ɗakinsa: ciwonsa, magungunan da yake sha, lambar wanda za a kira. Likitan da ya karɓe shi da dare ba sai ya yi ta lalube ba. Kuma in faɗa da babbar murya, wannan rajista ta lafiya ce, tana hannun ma'aikacin lafiya. Ranar da ta faɗa hannun masu neman ƙuri'a, ranar ta mutu.

Na biyu, gadon ɗaukar majinyaci mai naɗewa da keken guragu a kowane masallacin unguwa, a ajiye su inda ake ajiye makara, mabuɗi a hannun wanda kowa ya sani. Maƙeranmu da masu walda za su iya ƙera wanda ya dace da faɗin lungunanmu.

Na uku, 'yan agajin unguwa. Ba daga sama za a kawo su ba. Muna da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da na Fityanul Islam, da na Izala, da 'yan Red Cross. Muna da matasan da suka gama kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi da sauran makarantun jinya suna zaune a gida ba aiki. A zaɓo mutum huɗu ko biyar a kowace unguwa, a ba su horo na gaske a hannun likitoci, a ba su jaka mai na'urar awon jini da ta awon suga da tocila da safar hannu. Dole a sa mata a ciki. Mun san garinmu, akwai gidan da namiji ba ya shiga kai tsaye, akwai tsohuwar da za ta gwammace ta mutu da ta bari saurayi ya taɓa ta. Aikinsu a bayyane yake: su iso da wuri, su auna, su kwantar da mutum ta gefensa, su hana ɗure, su rubuta lokacin da abin ya fara, su raka shi asibiti. Ba allura, ba ƙarin ruwa a gida, kada a buɗe wa likitocin bogi sabuwar kasuwa.

Na huɗu, jerin masu abin hawa na dare. A zauna da ƙungiyar masu Keke Napep da direbobi, a ware masu kwana cikin shiri bi da bi, a tsayar musu da wuri a Babban Dodo da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da sauran ƙofofi, a ba su shaidar da 'yan sanda da 'yan sintiri za su gane, a biya su kuɗin mai washegari ba tare da yawo da hankali ba.

Na biyar, ƙaramin asibiti aƙalla guda ɗaya a cikin ganuwa da ke buɗe dare da rana da gaske, da wutar sola, da iskar oksijin, da robar fitsari, da ma'aikaci a farke, da layin waya kai tsaye zuwa Gambo Sawaba da Shika domin a san ana tafe da mara lafiya. An ce kowace mazaɓa cikin 255 na jihar nan tana da asibitinta. Madalla. Muna so mu ga fitila a kunne ƙarfe uku na dare.

Na shida, asusun gaggawa na unguwa. Yadda ake karo-karon gyaran transifoma da na maƙabarta, a yi na wannan. Attajiranmu masu fitar da zakka, da 'yan Zariya mazauna wasu garuruwa da ke turo kuɗin magani bayan an riga an makara, ga inda kuɗinsu zai yi aiki tun kafin a makara. A riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata.

Wa zai ɗauki nauyi? Ƙaramar hukumar Zariya tana da mazaɓu 13, kowace da kansilanta. Tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kiwon lafiya a matakin farko yana cikin aikin da ya rataya a wuyansu. Muna da 'yan majalisar jiha da na tarayya masu ayyukan mazaɓu. Duk shekara ana rabon babura da kekunan ɗinki da sunan tallafi. A ware babura goma daga ciki a ba 'yan agaji, a ga ko ba za a samu ladan da ya fi na rabon ba. Masarauta kuma, in Mai Martaba Sarkin Zazzau Malam Ahmed Nuhu Bamalli ya yi umarni ga hakimai da masu unguwanni, rajistar nan ba za ta ɗauki wata biyu ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce ai kwana in ya ƙare ko a gadon Shika kake sai ka tafi. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma ba kowane jinkiri ne ke ƙarewa da mutuwa ba. Da yawa yana ƙarewa ne da shekara biyar a kwance, sai an kwantar sai an tayar, 'ya mace ta bar sana'arta ta koma jinya, an sayar da fili, an sayar da gona. Kuma malamanmu ba su taɓa cewa neman magani ya saɓa wa tawakkali ba. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a cikin mota ana tafiya.

Za a ce aikin gwamnati ne. Ƙwarai, kuma za mu ci gaba da binta bashi. Amma gwamnati ba ta san lungun gidanku ba, kai ka sani. Za a ce ba kuɗi. Kuɗin fasta da allunan tallar 'yan takara da ake liƙawa daga Ƙofar Doka zuwa fada a kakar zaɓe guda ɗaya, a lissafa gadon ɗauka nawa za su saya.

Yanzu gare ku matasa 'yan uwana, na kowace jam'iyya da kowane ɓangare. Ranar zaɓe babu tsohuwar da ba a san gidanta ba. Ejan ɗin akwati ya san wadda ba ta iya tafiya, ya san wanda sai an riƙe masa hannu. Ana samun mota, ana samun mai, ana samun mai goyo har bakin rumfa, kuma kafin azahar an kawo kowa. Ke nan iyawar tana nan, sanin lungu yana nan, lambobin direbobi suna cikin wayoyinmu. Wanda aka iya ɗaukowa ya dangwala yatsa, ana iya ɗauko shi ya ga likita. Waɗannan dattawan su suka yi dako, suka yi ɗinki, suka yi jima da rini, suka sayar da ƙuli-ƙuli da ƙosai aka biya mana kuɗin makaranta har wasunmu suka riƙe takardar difloma da digiri. In ba mu yi musu ba, wa zai yi?

Kada mu jira a ƙaddamar da komai. A wannan makon, kowa ya samu mai unguwarsu da limaminsu ya kai musu maganar. A rubuta sunayen masu mota da keke uku da suka yarda a tashe su da dare, a liƙa a ƙofar masallaci. A tambayi mai walda kuɗin gado ɗaya. Wanda yake da tsoho a gida ya rubuta masa katin magungunansa yau, ya kuma koya wa mutanen gida alamomi uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. In an ga ko ɗaya, ba ɗure, ba jiran safiya, a duba agogo a kama hanya. Sannan duk ɗan takarar da ya shigo unguwa neman goyon baya, daga kansila har sama, a tambaye shi a gaban jama'a: in mahaifiyata ta faɗi ƙarfe biyun dare, me ka tanada? A rubuta amsarsa, a ajiye.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. To a kula da zumar tun tana cikin tulu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon yi wa iyayenmu hidima tun suna raye. Wanda ya karanta ya isar wa mai unguwarsu.